Wace mujallar keken hawan dutse ta cancanci kuɗinka na shekara?

Tambaya: Na sayi keken hawan dutse na hannu, mai shokazoba a gaba kawai, ina hawansa a duwatsun bayan gari duk ƙarshen mako. Ina so in biya kuɗin mujalla guda ta wannan harka na tsawon shekara, don in ƙaru da gyara da sanin kaya, amma sunayen sun yi mini yawa. Wacce zan ɗauka, kuma ta takarda ko ta waya?

Amsa: Malam, kada ka biya kuɗin shekara tukuna. Sayi fitowa uku-uku daga mujallu biyu da suka fi kwanta maka, ka karanta su da biro a hannu, sannan ka yanke. Wanda ya biya shekara don hoton bango ya burge shi ya yi cinikin biri a sama. Zan gaya maka abin da za ka riƙa dubawa a cikin fitowar nan, amma bari mu fara ware mujallun, tunda kowace da aikin da ta sa gaba.

Akwai masu gwajin kaya da koyar da gyara. Tsohuwarsu ita ce Mountain Bike Action, da ta fara fitowa a 1986 daga jihar Kalifoniya ta Amurka, wata-wata. A Ingila akwai Mountain Biking UK, da aka fi sani da MBUK, tun 1988, tana fitowa duk bayan mako 4, wato sau 13 a shekara. Waɗannan biyun su ne suka fi kusa da bukatarka: gwajin kekuna, gwajin tayoyi da birki, shafukan gyara masu hotuna mataki-mataki, da dabarun hawa ga wanda bai daɗe da farawa ba. A Jamus akwai BIKE, tun 1989, wadda ta yi suna da ɗakin gwaji: su da kansu suke ɗora keke kan sikeli, su auna ƙarfin gangar jikinsa da yadda shokazoba ke nutsewa. Lambobinta abin dogaro ne, sai dai da Jamusanci take. In karatunka na Faransanci ne, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, Vélo Vert ce tsohuwar hannu a wannan harshe, kuma kalmar da za ka riƙa nema ita ce VTT, sunan keken hawan dutse ke nan a Faransanci.

Akwai kuma masu labari da hoto. Freehub daga garin Bellingham na jihar Washington a Amurka, da Mountain Flyer da aka kafa a jihar Colorado ta can, duk sau 4 suke fitowa a shekara, kan takarda mai kauri, da dogayen rubuce-rubuce kan wurare da mutanen da ke sare hanyoyin hawa a daji. Suna da daɗin karatu, ana ajiye su kamar littafi, amma ba za su koya maka cire iska daga birki ba. Singletrack ta garin Todmorden a arewacin Ingila, wadda ta fara a 2001, tana tsakiya: mai zaman kanta ce, ta jingina sosai da kuɗin mambobinta, tana haɗa labarin tafiye-tafiye da gwajin kaya. Sai ENDURO ta Jamus, wadda a manhajar waya ake karanta ta, kyauta, da Turanci da Jamusanci. Sauke ta ko da wacce ka zaɓa, tunda ba ta cin kuɗinka, sai dai ka sani yawancin kekunan da take gwadawa masu tsada ne ƙwarai.

Yanzu irin hawanka. Hawan dutse kashi-kashi ne, kuma ana gane kashin da mujalla ta karkata gare shi daga lamba guda: yawan nutsewar shokazoba da ake rubutawa a milimita. Kekunan tseren ƙetare daji, da suke rubutawa XC, milimita 100 zuwa 120 ne, marasa nauyi, an yi su don hawa tudu da dogon zango. Na hawan yau da kullum, da suke kira trail, 120 zuwa 150. Na enduro, da ake takawa zuwa sama amma an fi yin su don gangara mai wuya, 160 zuwa 180. Na tseren gangara zalla kusan 200, kuma waɗannan ba a ma taka su zuwa sama, a mota ko a lilon tsauni ake kai su. Buɗe fitowa ukun nan ka ƙirga: cikin kekunan da aka gwada, nawa ne ke da shokazoba a gaba kawai irin naka, wanda suke kira hardtail? Nawa ne masu batir? Kekunan lantarki sun cinye shafuka da yawa a 'yan shekarun nan, kuma idan rabin mujalla kan injin keke da batir take magana, rabin kuɗinka ya tafi kan abin da ba ka da shi. In cikin kekuna 15 ba ka samu ko 3 da ke kusa da ajin naka da ƙarfin aljihunka ba, wuce ta.

Ƙasar da ake hawa ma tana shiga lissafi, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa. Masu gwajin Ingila a laka da ruwan sama da jiƙaƙƙen saiwar itace suke hawa. Tayar da za su yaba ita ce mai roba mai laushi da dogayen haƙora da ke kama santsi. Ka ɗora wannan tayar kan busasshen dutse da tsakuwa a zafin rani, za ta yi maka nauyin takawa, haƙoranta su cinye da wuri. Haka man sarƙa: mai kaurin da suke so don damina, a ƙura sai ya zama kamar kunun yashi, ya ci sarƙa da haƙoran giya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu mujallun Turai cike suke da gwajin fitilu da rigunan ruwa da safar hannu ta sanyi, lokacin da kai ƙurar hunturu ce matsalarka. Ta wannan fuskar Mountain Bike Action ta fi dacewa da mai hawa a busasshiyar ƙasa, don kudancin Kalifoniya wuri ne na ƙura da dutse da rana. MBUK kuwa ta fi ta sauƙin bi a shafukan gyara, a ganina, kuma gyara bai san laka ko ƙura ba.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne karanta gwajin keke, domin nan ake gane mujallar da ke yi wa mai karatu aiki da wadda ke yi wa kamfani. Ɗauki gwaji guda ka nemi waɗannan abubuwa.

Nauyin keken. Mujallar kirki takan rubuta nauyin da ta auna da kanta, ta faɗi girman gangar da aka auna, ta kuma faɗi ko da feda ne ko babu. Kamfanoni kan bayar da nauyin ƙaramin sayiz ba feda, kuma feda biyu kaɗai kan kai giram 350 zuwa 450. Idan lambar mujallar ta yi daidai da ta kamfani har ɗigo, kwafa aka yi.

Mai gwajin. A nemi tsayinsa da nauyinsa, da iskar da ya sa wa shokazoba da tayoyi. Dalili: shokazoba mai iska ana daidaita ta ne da nauyin mahayi, ta yadda idan ya zauna za ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin 100 a baya, 15 zuwa 20 a gaba. Mai kilo 65 da mai kilo 95 za su hau keke ɗaya su ba da labari biyu mabambanta. Wanda ya ce shokazoba ta yi tauri bai faɗi iskar da ya sa ba, bai gaya maka komai ba.

Tsawon gwajin da wurinsa. Kamfanoni kan gayyaci 'yan jarida wajen ƙaddamar da sabon keke, su ɗauki nauyin jirgi da masauki, a hau kwana 1 ko 2 a hanyar da kamfanin ya zaɓa, da bakanikensa tsaye a gefe. Wannan ba laifi ba ne matuƙar an faɗa wa mai karatu, an kuma kira rubutun hawan farko. Gwaji na gaske makonni yake ɗauka, a hanyoyin da mai gwajin ya sani kamar tafin hannunsa. Mafi daraja shi ne na dogon zango, inda ma'aikacin mujalla ke riƙe keke wata 6 zuwa shekara yana ba da rahoton abin da ya lalace: boris ɗin da ya fara ƙara, sirdi mai hawa da sauka da ya fara maƙalewa, fentin da waya ta goge. Ga mai sayen na hannu irinka, waɗannan rahotanni sun fi komai amfani, saboda keken da ake gwadawa yau shi ne zai iso kasuwar gwanjo bayan wasu shekaru.

Kwatance. Gwajin rukuni, inda ake jera kekuna 4 zuwa 10 masu farashi kusan ɗaya, ya fi gwajin keke guda tilo. Wasu mujallun har tayoyi iri ɗaya suke sa wa dukkan kekunan, don kada bambancin taya ya ɓoye bambancin keke. In ka ga haka, ka samu masu ɗaukar aikin da gaske.

Sai aibi. Kowane keke yana da shi. Nemi jimlar da ta faɗi aibin ƙarara, irin su birkin baya ya yi sanyi a doguwar gangara, ko tayar da ta zo da keken ɓangarenta siriri ne, dutse ya yanke ta. Sannan ka jera makin da aka bayar a fitowa ukun. Idan komai tauraro 4 ne ko 5 cikin 5, makin ba ya raba tsaki da tsakuwa. Ka kuma ƙirga shafukan talla, ka duba ko keken da ya zo na ɗaya kamfaninsa ne ya sayi bangon baya. Faruwar haka sau ɗaya ba hujja ba ce, don manyan kamfanoni suna talla ko'ina kuma suna yin kekuna masu kyau. Amma idan sau uku a jere ne, ka tuna cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka lura da shafukan da aka tsara kamar labari alhali an biya kuɗinsu. Yawanci akwai ƙaramin rubutu a saman shafin da ke nuna haɗin gwiwa ne da kamfani.

Shafukan gyara su ma akwai yadda ake jarraba su. Zaɓi aikin da ka ɗan sani, ka ga ko sun faɗi abin da ke ɓata aiki. Rubutu kan canza man birki dole ya gargaɗe ka cewa birkin kamfanin Shimano man ma'adini yake amfani da shi, yawancin birkin kamfanin SRAM na shekarun baya kuma ruwan birki irin na mota da ake kira DOT, kuma zuba ɗaya a mazaunin ɗaya yana kumbura robobin ciki har birkin ya mutu. Dole ya ce a cire takalman birki kafin a fara, don ɗigon mai guda ya isa ya lalata su. Rubutu kan sarƙa ya kamata ya ba ka lamba: ga giya 11 ko 12 ana canza sarƙa idan ma'auni ya nuna ta miƙe 0.5, ga giya 9 zuwa ƙasa 0.75, kuma wanda ya wuce haka sai ya sayi haƙoran baya tare da sarƙar. Rubutu kan ɗaure sitiyari ya faɗi ƙarfin ɗaurin, wanda galibi Nm 5 ne ko kusa da haka (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), a kuma ɗaure notocin a gicciye kaɗan-kaɗan. Kan tayar tubles, wato marar robar ciki, a faɗi yawan ruwan danƙon da ke toshe huji, kamar mililita 90 zuwa 120 ga tayar inci 29. Nan ma ka gyara lissafinsu da yanayinka: ruwan da zai yi musu wata 4 zuwa 6 a sanyin Turai, a zafi yakan bushe da wuri, don haka ka riƙa dubawa duk wata 2, musamman inda ƙaya ta yi yawa. Mujallar da ke cewa a ɗaure sosai, a zuba isasshen ruwa, ba tare da lamba ba, ba ta isa ka koyi gyara daga gare ta ba.

Akwai abin da ya shafi keken hannu kai tsaye. Sababbin fitowa suna magana ne kan kayan yau: taya inci 29, giya 1 a gaba 12 a baya, da faɗin gindin tayar baya milimita 148 da ake kira Boost. Idan naka mai taya inci 26 ne ko 27.5, giya 3 a gaba 9 a baya, gindin baya 135 mai ɗan maƙulli, to yawancin kayan da za su yaba ba za su ma shiga kekenka ba. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci gare ka ita ce: biyan kuɗin yana buɗe maka tsofaffin fitowa? Wasu tsare-tsaren suna ba ka rumbun shekarun baya duka muddin kana biya, wasu kuma daga ranar da ka shiga kawai, tsofaffin sai ka saya ɗaiɗai. Nemo shekarar da aka ƙera kekenka, ka ga ko fitowar wannan shekara da ta bayanta suna cikin rumbun.

Takarda ko waya? In kana wajen ƙasar da ake buga mujallar, ta waya. Kuɗin aikawa zuwa ƙetare yakan kusa kai kuɗin mujallar kanta, wani lokaci ya wuce, kuma fitowar kan iso bayan makonni, wani lokaci a naɗe ko a jiƙe. Takarda tana da riba ne ga irin su Freehub da Mountain Flyer, inda hoton da takardar su ne abin sayarwa, kuma sau 4 kawai za ka jira. In ka nace kan takarda, ka tabbatar ƙasarka tana cikin jerin inda suke aikawa, ka ba da akwatin gidan waya ko adireshin ofis maimakon kwatancen unguwa, ka kuma karanta ƙa'idarsu kan fitowar da ta ɓata a hanya: wasu kan sake aikawa, wasu kan ƙara maka wata guda, wasu ba ruwansu.

Ta waya ma iri biyu ce. Akwai wadda hoton shafin takarda ne kawai, sai ka yi ta ja da yatsa kana ƙara girma, abin da ke gajiyarwa a ƙaramar waya. Akwai wadda rubutun ke daidaita kansa da allon. Gwada fitowa guda a wayar da za ka riƙa karatu da ita. Duba ko ana saukewa a karanta ba intanet, domin a wajen gyara, hannu duk giris, ba lokacin jiran sabis ba ne, kuma ka sauke inda data ke da sauƙi tunda mujalla mai hotuna tana da nauyi. Dandamali irin su Pocketmags da Zinio suna sayar da fitowa ɗaya ko ta shekara, Readly kuma kuɗin wata kake biya ka karanta mujallu da yawa, amma ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe. Don gwajin fitowa uku da na ce, wata guda a irin wannan tsarin ya ishe ka, in mujallun da kake so suna ciki kuma ana buɗe shi a ƙasarka.

Wajen kuɗi, raba farashin shekara da yawan fitowa kafin ka kwatanta. A ce wata tana neman fam 52 tana fitowa sau 13, wata kuma fam 40 tana fitowa sau 4: ta farko fam 4 ce kowace fitowa, ta biyu fam 10, duk da ita ce ta yi kama da mai araha. Sannan ka nemi farashin sabuntawa, don rangwamen shiga na zangon farko ne kawai, kuma yawancinsu suna cire kuɗi da kansu idan wa'adi ya cika. Da zarar ka biya, shiga ka kashe sabuntawar kai-tsaye, ko ka sa tunatarwa mako 2 kafin ranar. In ta manhajar Apple ko Google ka biya, a can ake sokewa, goge manhajar mujallar daga waya ba ya dakatar da cirar kuɗi. Ka kuma gwada katin bankinka da fitowa guda tukuna, don ka ga ko yana biyan kuɗin waje da kuma canjin da bankin ya yi maka.

Kada ka biya shekara 2 ko 3 gaba, komai daɗin rangwamen. Mujallun wannan harka suna mutuwa, har manyansu. Dirt ta Ingila, wadda masu tseren gangara ke ji da ita, ta daina bugun takarda a 2015. Dirt Rag ta birnin Pittsburgh a Amurka, da ta fara a 1989, ta rufe a farkon 2020 bayan shekara 30. Bike ta Amurka, mai fitowar gwajin shekara-shekara da kowa ke jira, an dakatar da ita a Oktoban 2020. Ma'aikatanta suka kafa mujallar Beta a 2021, ita ma aka rufe ta a 2022. Dalilin kusan ɗaya ne: kuɗin talla ya koma intanet, takarda da aikawa sun yi tsada, kuma manyan kamfanonin da ke saye mujallu ba sa haƙuri da wadda ribarta ta yi ƙasa. Kafin ka biya kowace daga cikin waɗanda na lissafa, duba ranar fitowarta ta ƙarshe. In ta wuce wa'adinta da wata 2 ba sabuwa, riƙe kuɗinka. Wata 6 ko shekara 1 ya isa.

Idan sakamakon tsere da labarin sababbin kaya kake nema, kada ka biya ko sisi. Shafukan intanet irin su Pinkbike, da aka kafa a Kanada a 1998, da Vital MTB da BikeRadar suna kawo su a ranar da suka faru, mujalla kuwa sai bayan makonni.

Ga kekenka da abin da ka ce kana so, MBUK ta waya zan fara ba ka, na wata 6, saboda shafukan gyaranta da yawan gwajin kekuna masu matsakaicin farashi, tare da sharaɗin ka riƙa tace shawararta kan taya da man sarƙa da yanayin ƙasarka. Ta biyu da za ka gwada da ita ita ce Mountain Bike Action. Sayi fitowa uku na kowace, amma ka kauce wa fitowar musamman ta gwarzon keken shekara, don ita ce kwalliyar sallarsu. Fitowar tsakiyar shekara wadda ba a yi wa ado ba ita ce za ta nuna maka abin da za ka riƙa samu wata-wata. A kowace fitowa ka sa alama a shafukan da ka karanta har ƙarshe da waɗanda ka ɗauka ka je ka yi aiki da su a jikin kekenka, sannan ka ƙirga alamomin kowace mujalla, wadda ta fi yawa ita za ka biya.